Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Ya'yanmu Likitoci Da Malaman Jami'a: Ku Zo Ku Ƙirga Masu Haki A Bakin Tur'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Ya'yana da ƙannena, likitoci da malaman jami'a daga cikin Hausawan Sudan, na Madani da Khartum da Sinnar da Gadarif da Kasala, da waɗanda aiki ko yaƙi ya kai Riyad da Jidda da Dammam, ina gaishe ku gaisuwar girma. Galibinku na girme ku, wasu ma ni na yi musu allurar riga-kafi suna tsala ihu a bayan iyayensu mata, amma ilimi ya sa dole in sassauta murya.

Hoto ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya aka turo shi a zaurenmu na WhatsApp: shafin Google Scholar na ɗaya daga cikinku, yaron da na yi cirar auduga da mahaifinsa, yanzu likitan huhu ne a Saudiyya, bincikensa kuma kusan duk a kan hawan jinin huhu yake. A gefen hoton ga wasu 'yan sanduna a jere, ta kowace shekara ta ɗara ta bara tsayi, kamar matakalar hasumiya. Zaure ya kaure da mabruk da masha Allah. Gwaggonsa ta rangaɗa guɗa a saƙon murya har sau uku. Ni ma na sa albarka, kuma da zuciya ɗaya na sa, domin yabon gwani ya zama dole. Yaron da ya koyi baƙi da wasali a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, yau masana a Turai da Amurka suna kafa hujja da rubutunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da wani dattijo ya tambayi ma'anar lambobin, sai wata ɗalibarmu ta warware masa. Ta ce lamba ta farko tana ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci takardunsa a cikin nasu. Ta biyu, wadda suke kira ma'aunin h, wani masanin fiziya a Kalifoniya mai suna Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro ta a 2005: in aka ce h ɗinka 20 ne, to kana da takardu 20 waɗanda kowacce aka ambace ta aƙalla sau 20. Dattijon ya ce, to, ashe ƙirgan gaisuwar malamai ce a tsakaninsu. Aka yi dariya. Ni dai ban yi barcin kirki ba a daren, saboda sunan cutar nan yana rubuce a wata takarda da ke ƙasan akwatina.

Na yi sama da shekara talatin ina musa'id ɗibbi, wato mataimakin likita, a shafakhana, wato ɗakin shan magani na ƙauye, a kudancin Jazira. Na fara aiki ina saurayi a zamanin shirin lafiya na Nil Azraƙ da aka soma a 1979, lokacin da muke bin makarantu da kwalaben gwajin bahaya, ana zuba maganin katantanwa mai ɗauke da tsutsar bilharsiya a tur'a, wato magudanar ban-ruwan gonaki, muna raba ƙwayar farazikwantel, maganin cutar. Ina ganin na san bilharsiya ciki da bai. Na san ta fitsarin jini, wadda iyayenmu suke kira tsargiya. Na san ta hanji, mai kumbura saifa, mai ƙandarar da hanta, wadda ƙarshenta mutum ya yi ta aman jini a kan angarib, gadonmu na igiya. Abin da ban sani ba, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mini a duk kwasa-kwasan da aka kai mu, shi ne tana hawa har huhu.

Ɗiyar ƙanwata ce ta koya mini. A kambo ta tashi, wato ɗaya daga cikin kanabi, sansanonin ma'aikatan gona, kamar sauran 'ya'yanmu: wanka a tur'a, wanki a tur'a, ɗiban ruwa a tur'a. Tana yarinya ta yi bahaya da jini, na ba ta magani, ya tsaya, sai dai saifar ba ta koma daidai ba. Ta girma, aka yi mata aure. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai na lura da wani abu da yamma, in mata suna dawowa daga ɗiban ruwa. Gangaren tur'ar bai fi taku goma sha biyu ba, amma ita sai ta kai tsakiya ta sauke jarka, ta dafa gwiwa, ta yi kamar tana gyara mayafinta, har sai sauran sun wuce. Kunya ce ta sa take wannan dabara, don kada a ce son jiki. An kuwa faɗa. Surukarta ta faɗa a gabana.

Na ɗaura mata abin awon jini a hannu, ya nuna lafiya lau. Na sa mata abin sauraro a ƙirji, ban ji kukan asma ba, amma duk da haka na ba ta abin shaƙa na asma, don ban san abin da zan ba ta ba. Da bai yi ba na ce ƙarancin jini ne, na haɗa ta da ƙwayar ƙarin jini da karkade. Shekara biyu muna wannan kewaye. Sai ta samu ciki. Ta haihu da kyar, kuma bayan suna ƙafafunta suka kumbura, jijiyoyin wuyanta suka miƙe kamar igiya, wata safiya ta yanke jiki ta faɗi tana shanya. Muka ɗora ta a karo, wato keken jaki, zuwa bakin kwalta, daga nan mota zuwa birni.

Likitan da ya yi mata hoton zuciya na eko yaro ne, bai kai ɗana na fari ba. Ya juyo mini da allon, ya nuna da bayan alƙalami: ɗakin dama na zuciya ya buɗe har ya fi na hagu girma, ya danne bangon da ke tsakaninsu. Ya danna cikinta, ya ji saifa. Ya ce, "Ya Haj, tun yaushe take haki?" Na ce shekara biyu. Bai ce komai ba, ya sunkuya ya yi rubutu. Shirun nan nasa har yau ina jin sa. Ba ta yi arba'in ba. Allah ya jiƙanta. Yaron da ta haifa yana hannun kakarsa, kuma ya fara bin yara tur'a.

Ban rubuto don in ɗora wa wani laifi ba. In akwai sakaci, a hannuna ya fara. Amma bayan rasuwarta na sa jikana ya riƙa nemo mini rubuce-rubuce a intanet yana karanta mini, yana juya wanda ya fi ƙarfina zuwa Larabci, kuma abin da na fahimta shi ne zan maimaita a nan, ba don ku ba, ku kun sani, sai don sauran 'yan zaure da za su karanta.

Hawan jinin huhu daban yake da hawan jinin da ake aunawa a hannu. Jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu ta hanya mai sauƙi, ba ya buƙatar turi mai ƙarfi. In jijiyoyin huhun suka yi kauri suka ƙuntata, sai ɓangaren dama ya riƙa turi kamar mai tura amalanke a yashi, ya kumbura, a ƙarshe ya gaji. Abin awon hannu ba ya ganin wannan ko kaɗan. Eko yana nuna alama, amma tabbaci sai an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya an auna. A da sai awon ya kai milimita 25 na zaiba ake kiran sa cuta, amma ƙa'idojin Turai na 2022 sun sauke shi zuwa abin da ya haura 20. Bilharsiyar hanji kuwa ga yadda take isa can: ƙwai yana maƙalewa a jijiyoyin hanta, hanta ta ƙandare, jini ya rasa hanya ya buɗe wasu ɓarayin hanyoyi, ƙwan ya bi su ya zarce huhu, ya tayar da kumburi a bangon jijiya. Farazikwantel yana kashe tsutsa, amma ba a dogara da shi wajen mayar da jijiyar da ta riga ta lalace. Ciki da haihuwa kuma suna daga cikin abubuwan da suka fi hatsari ga mace mai wannan cuta. Da na san wannan jimla ɗaya tak, da na zaunar da mijinta.

Tarihin cutar ma ya ba ni mamaki. Wani likitan Jamus, Ernst von Romberg, ya bayyana ta a gawa tun 1891. A 1929 wani matashin likita, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa don ya nuna abin zai yiwu, aka ɗauke shi mai taɓin hankali, sai a 1956 ya samu kyautar Nobel tare da André Cournand da Dickinson Richards. Amma duniya ba ta tashi tsaye ba sai da wani maganin rage ƙiba mai suna aminoreks ya jefa mutane cikin cutar a Suwizalan da Ostiriya da Jamus a ƙarshen shekarun 1960. Shi ya kai ga taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba a 1973. Ku duba: madatsar Sinnar an gama ta tun 1925, tur'o'in Jazira da Manaƙil suna shayar da sama da faddan miliyan 2 (faddan ɗaya kusan eka ɗaya ne), katantanwa tana ta hayayyafa a cikinsu, iyayenmu suna tsaye a ruwa har gwiwa, amma sai da cutar ta taɓa masu neman rage teɓa a Turai aka kira taro.

Daga nan an samu ci gaba na gaske, ba zan raina ba. Rajistar da aka yi a Amurka, wadda sakamakonta ya fito a 1991, ta nuna rabin masu nau'in cutar da ba a san sababinsa ba ba sa wuce shekara 2.8 bayan an gano ta. Sai magunguna suka fara fitowa: efofurostinol a 1995, bosentan a 2001, sildenafil a 2005, sotatasef a 2024. Mutane da yawa sun ƙara shekaru a duniya albarkacin waɗannan, da izinin Allah. Sai dai wani nazari da Marius Hoeper da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da hawan jinin huhu, kuma kusan 80 cikin 100 na masu shi a ƙasashe masu tasowa suke, inda sababin ba irin na Turai ba ne: bilharsiya ce, da amosanin jini, da ciwon ƙofofin zuciya wanda ke farawa daga ciwon maƙogwaron yaro, da tabon tarin fuka, da hayaƙin murhu, da cutar ƙanjamau. Duk wanda ya taɓa zama a kambo, ya karanta wannan jerin, zai ga kamar sunayen maƙwabtansa ake kira.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani aiki da aka yi a Sawo Fawulo ta Barazil, aka buga a 2009. Mutum 65 kacal suka duba, masu bilharsiyar da ta taɓa hanta da saifa, suka yi musu eko, waɗanda aka ga alama aka zura musu bututu. Kusan 5 cikin 100 aka samu da cutar jijiyoyin huhu. Mutum 65! Ni kaɗai, a littafin shafakhanata, masu babbar saifa da na rubuta sun fi haka. Amma da wannan ƙaramin aiki ake lissafin nauyin cutar a duniyar da mutum sama da miliyan 200 ke fama da bilharsiya. Haka kuma rajistar Afirka da aka buga a 2016, wadda ta tattara marasa lafiya 220 daga Kamaru da Mozambik da Najeriya da Afirka ta Kudu, har da likitocin Kano a cikin masu aikin, ta gano kusan 69 cikin 100 daga ciwon ɓangaren hagu na zuciya abin ya taso musu, kuma cikin wata shida kusan ɗaya cikin biyar na manyan da aka bi sawunsu sun rasu. 'Yan uwanmu na Kano sun shiga an ƙirga da su. Sudan ba ta cikin ƙasashe huɗun.

Kuma ba wai ba mu da gado a wannan fage ba. A Jaziran nan Mamun Humaida da abokansa suka ɗauki na'urar hoton ciki suka shiga ƙauyuka, suka buga a 1988 yadda ake gane ƙandarewar hanta ta bilharsiya ba tare da an yanka mutum ba. Hantar an duba ta. Na'urar ce dai ba a ɗaga ta taƙi ɗaya sama zuwa ƙirji ba, aƙalla a ƙauyenmu.

Bari in ɗan ratse zuwa amosanin jini, domin akwai darasi a ciki game da wannan ƙirgan ambato da muke yi wa guɗa. A 2004 Mark Gladwin da tawagarsa a Amurka suka buga cewa kusan 32 cikin 100 na manya masu sikila 195 da suka yi wa eko suna da alamar hawan jinin huhu, kuma masu alamar sun fi saurin mutuwa nesa ba kusa ba. Takardar ta yi suna, aka ambace ta ba adadi. Aka ɗora a kanta aka fara gwada sildenafil a kan masu sikila, sai a 2009 aka dakatar da gwajin, saboda waɗanda ake ba maganin sun fi yawan kwanciya asibiti da ciwon ƙashi. A 2011 kuma likitocin Faransa suka duba mutum 398, suka zura bututu ga waɗanda eko ya nuna, sai aka ga 6 cikin 100 ne kawai suke da cutar tabbas. Wace ce a cikin ukun nan ta fi amfani? Ni a ganina gwajin da ya faɗi ya ceci rayuka kamar yadda takardar farko ta ceta, don ya hana likitoci ba wa yaranmu abin da zai ƙara musu azaba. Lambar ambato ba ta rarrabe wanda aka ambata don an yarda da shi da wanda aka ambata don a gyara masa. Kuma tunda na ambaci sildenafil: e, shi ne dai wanda kuka sani, wanda maza ke saye a ɓoye a kantin magani. Kada wani ya karanta wasiƙar nan ya je ya saya wa matarsa don tana haki. In daga ɓangaren hagu na zuciya matsalar take, yana iya ƙara dagula ta.

In kuna neman wanda za ku yi koyi da shi, ba sai kun tsallaka teku ba. Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa cibiyar binciken cutar madura a Jami'ar Khartum a 1991, cutar da ke cin ƙafar manomi da makiyayi, wadda babu kamfanin da ke ganin riba a cikinta. Ya bi ƙauyukan jihar Sinnar, ya tara bayanai shekara da shekaru, har a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa madura a jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Shi ma takardunsa ana ambatonsu sosai, amma ƙaya ce da ta soki ƙafar talaka ta haifi takardun.

To ga roƙona, kuma ga ɗanmu na Saudiyya nake fara miƙa shi, tunda da ɗan gari kan ci gari. Ka zo, ko ka turo ɗalibanka, da ƙaramar na'urar eko irin wadda ake haɗawa da waya. Ku zaɓi kanabi da ƙauyuka kaɗan, ku duba duk mai babbar saifa, da duk mai sikila da ya wuce ƙuruciya, da duk matar da ke sauke jarka a tsakiyar gangare. Wanda aka ga alama a nema masa hanyar zuwa inda ake zura bututu. Saudiyya tana da ƙungiyar likitocin wannan cuta, ta fitar da ƙa'idojinta, ta kuma sabunta su a 2014, tana da kayan aiki da masu horarwa; kai kana zaune a cikinsu, kana shan shayi da su. Ka faɗa musu akwai Jazira. In takarda ta fito, a sa sunan likitan Madani da na Sinnar da suka yi wahalar a inda ya dace, ba a can ƙasa cikin godiya ba, kuma a dawo a faɗa wa mutanen abin da aka gani a jikinsu, da Hausa da Larabci, a masallaci da gidan biki. Mun gaji da masu zuwa su ɗebi jini da bahaya su tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Ku kuma da ke koyarwa a tsangayoyin likitanci da makarantun musa'idai da ungozomomi, abin da nake nema a wurinku bai kai shafi ɗaya ba. Ku koya wa wanda zai zauna a kujerata cewa hakin da babu kukan asma a cikinsa, ga saifa, ga kumburin ƙafa, ga suma in an yi aiki, ba na abin shaƙa ba ne, a tura shi eko. Ku koya wa ungozoma ta tambayi mai ciki ko tana haki tun kafin cikin. Waɗanda kuma Allah ya kai kujerun da ake ƙara wa malamai girma, in takardun mutum suka zo gabanku, bayan kun ƙirga ambato, ku tambaye shi wace shafakhana ce ta sauya yadda take aiki saboda shi.

Na san abin da za ku ce: yaƙi. Na sani. Tun 15 ga Afrilu 2023 babu gidan da bai ɗanɗana ba. Madani ta fita hannu a Disamba 2023, ta dawo a Janairu 2025, asibitoci sun zama kufai, da yawanku kun fita da kayan jikinku kawai, wasu sun bar bayanan binciken shekara goma a kwamfutar da aka sace. Ban manta ba, kuma abin da ya sami mutanen kanabi a tsakanin nan kun fi ni sani. Amma yaƙin ne ma ya sa nake gaggawa. Rabon magani a makarantu ya tsaya, famfuna sun mutu, mutanen da suka rabu da ruwan tur'a shekara ashirin sun koma masa, har da 'yan birni da suka gudo mana. Tsutsar da ta shiga ƙafar yaro bana, sai nan da shekara goma ko sha biyar za ta nuna kanta a ƙirjinsa. Yanzu ake sake gina komai daga tushe, kuma abin da ba a sa a cikin tubali ba, da wuya a sa shi bayan an yi rufi.

Ni abin da zan iya na tanada. Littafin shafakhanata yana nan, na naɗe shi a leda na binne lokacin gudu, na tono shi lafiya: sunaye, ƙauyuka, da faɗin saifar kowa da yatsu. Na riga na yi magana da shehun kambo da limamai biyu, sun ce za su yi shela. Akwai ɗakin baƙi a gidana, da faifan sola da zai iya cajin waya da na'ura in ba a kunna fanka ba. Ku bari damina ta wuce hanya ta bushe, domin laka a nan ba ta san Farfesa ba. Lambata tana wurin mai kula da zaure.

Wassalam.

Baffanku,
tsohon musa'id ɗibbi, daga kudancin Jazira